Hasken da Ya Fito Daga Kafaɗar Inna

Shekarun baya ne sosai, amma har yau idan ina zaune ni kaɗai firji ya tayar da gurnaninsa, siririyar ƙarar nan mai kama da ta zuma a cikin kogon itace, sai in tsinci kaina a wani ɗaki mai sanyi a Ibadan. Ɗakin ba shi da taga. Yana warin sabuwar roba da maganin goge ƙasa, sai kuma wani ƙamshi da bai dace da wurin ba ko kaɗan: man shanun da mahaifiyata ta shafa wa kafaɗarta da asuba.

Bari in fara daga inda ya kamata. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka ɗauke ni daga ƙauyenmu Banga aka kai wa kakata a Ƙaurar Namoda, can na yi wayo, can na yi karatu. Tun daga nan sunana a bakin Inna ya zama "ta Ƙaura". Idan na zo hutu ta dafa abin da ta san ina so, ba za ta miƙo mini ba, sai ta ba ƙanwata ta ce, "Kai ma ta Ƙaura." Alhali ga ni zaune a gabanta, ƙafata na kusan taɓa tabarmarta. Idan na gaishe ta, tukunya take amsa wa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, kunya ce, kowace uwa ta gari haka take yi. Sai dai ni yarinya ce mai yawan karance-karance da yawan zaman shiru, kuma irinmu mukan so a faɗa mana abu da baki.

Da yake ba na samun idonta, sai na koma kallon bayanta. Inna tana da wata irin tafiya: kafaɗarta ta hagu ta ɗan sauka ƙasa da ta dama, kamar mai sauraren wani abu da ƙasa ke faɗa. A idona babu macen da ta kai ta iya tafiya. Ina 'yar sakandare har kwaikwayonta nake yi, in karkata kafaɗa in bi layin aji ina jin ni wata ce, sai da wata malama ta tsayar da ni ta tambaye ni ko wuyana ne ya sanƙare.

Ciwon ya bayyana ne da kaka, ana tsakiyar yankan gero. Ina shekarar ƙarshe a makarantar gaba da sakandare a lokacin. Ashe ta daɗe da jin ƙullutu a nononta na hagu ta yi shiru. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta gano, don ita kaɗai ce Inna ba ta iya ɓoye wa komai. Tun Inna tana amarya suke tare, "matata" take ce mata, kuma babu ranar da za ta wuce ba ta tsokane ta ba. Aka je Gusau, daga can aka tura mu Zariya. Aka yanki ɗan nama aka auna, likita ya ce ciwon daji ne.

Ya ce ana iya yin aiki a cire, kuma yana da kyakkyawan zato. Abu ɗaya ya tsaya masa: kafaɗar nan da take yawan dafewa. Irin wannan ciwo, in ji shi, idan ya tashi yaɗuwa, ƙashi yake fara nema. Idan bai kai can ba, za a yi aiki da fatan warkewa. Idan kuwa ya riga ya kai, to maganar ta canja, sai dai a ba ta abin da zai rage mata raɗaɗi mu koma gida. Ya ce akwai wani sabon hoto da ke duba ƙashin mutum gaba ɗaya, daga ƙoƙon kai har yatsun ƙafa, ba a daɗe da kawo shi ƙasar nan ba. Sai mun je Ibadan.

Lokacin jiharmu ta Zamfara tana sabuwa, shari'a ta zauna, mata da motocinsu daban a cikin Gusau, mace kuma ba ta doguwar tafiya sai da muharrami. Kawuna, ƙanin Inna, mai kai wake Kudu daga kasuwar Shinkafi, shi ya raka mu. Ni, Inna, da Gwaggo. Aka ce a tafi da ni don ni ke jin Turanci. Ba zan ɓoye muku ba, duk da fargabar da ke cikina, na ji daɗin wannan. A karon farko Inna za ta buƙaci bakina.

Da muka isa sai aka ce mu jira, maganin bai sauka ba. Na yi zaton irin uzurin da aka saba ne. Ashe ba haka ba. Wannan magani daga wata ƙasa jirgi ke kawo tushensa, kuma ba ya ajiyuwa. Tun daga lokacin da aka haɗa shi yake ta raguwa da kansa, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba, kamar raɓa idan hantsi ya fito. Don haka ba magani ke jiran marasa lafiya ba, su ke jiransa. Na kwana biyu ina juya wannan a raina. Ashe a cikin halittun Allah akwai abin da aikinsa kawai shi ne ya yi haske kaɗan ya ƙare.

Ranar da aka kira mu, wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace Bayarabiya, ta karɓi takardarmu. Ta duba, ta ɗago, sai kawai muka ji Hausa tsantsa ta fito daga bakinta.

"Ƙaura? Ƙaurar Namoda? Kai jama'a! Ni can anka haihe ni, bayan tasha. Babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Har yanzu jirgi na zuwa?"

Gwaggo ta tafa hannu. "Wane jirgi, 'yar nan? Awaki ka kwana bisa dogo yanzu. Ashe ɗiyarmu ce ke! To ki yi muna da kyau, wagga matata ce, ita ɗai gare ni."

"In Allah ya so, Mama. A tuɓe awarwaro, da zobe, da 'yan kunne. In akwai laya mai ƙarfe ita ma a cire."

Inna ta juya mini baya kafin ta kwance layar da ke ɗamararta. Ta ba Gwaggo, ba ni ba.

Allurar ta zo a cikin wani kwanso na dalma, mai nauyi, ma'aikaciyar tana riƙe da shi kamar mai ɗauke da jaririn wani. Na sa ran ganin wani abu mai walƙiya, kore ko shuɗi. Ruwa ne kawai, fari tas, bai kai cikin cokali ba. Ta tsira mata a hannun dama, Inna ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Shi ke nan. Yanzu ki yi ta shan ruwa, ki yi ta zagawa. Zuwa azahar maganin ya zauna a ƙashi, sai mu ɗauka. Kuma yau kar ki ɗauki ƙaramin yaro, kar ki zauna jikin mai ciki. 'Ya'ya ma su ɗan ja baya da jikinki har gobe."

Gwaggo ta fashe da dariya har da dafe ƙirji. Ta nuna ni da haɓa. "Wagga doka ai mun daɗe muna bi nata a gidanmu. Kin ga waccan? Ko babu allura ba a raɓar ta."

"Ke dai ba ki da aiki," in ji Inna, tana gyara lulluɓi. Na yi dariya tare da su, amma wani abu ya ɗan soke ni.

Muka zauna a baranda. Inna tana shan ruwa tana juya fuska gefe, don ko sha ba ta son yi a gabana. Ni kuwa ina satar kallonta ina tunanin abin da ke gudana a cikinta: wani abu da ya ƙetaro teku yana bin jininta a hankali, yana ƙwanƙwasa kowane ƙashi. A waje babu abin da ya sauya. Ita ce dai, da zanenta mai ruwan goro da kaushin ƙafarta na matar gona.

Da lokaci ya yi aka shigar da ita ɗakin nan mai sanyi. Wani siririn gado ne, da wasu manyan faya-fayai biyu na ƙarfe masu kauri, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Mai sarrafa na'urar, wani matashi mai gilashi, ya yarda in tsaya kusa da shi don in riƙa gaya mata kar ta motsa. Na tambaye shi ta ina hasken zai fito ya haska ta. Ya yi murmushi ya ce babu hasken da zai fito daga na'urar. Hoton ƙashi da muka sani, shi ne ake haska mutum daga waje. Wannan kuwa ba ya fitar da komai. Kallo kawai yake yi. Hasken daga jikinta zai fito.

Na sake tambaya, don na ɗauka Turancina ne ya gaza. Ya maimaita. Daga jikinta.

Faifan sama ya sauko har ya kusa taɓa hancinta, ya fara tafiya a hankali, hankalin da ido ba ya kamawa, sai wannan gurnanin zuma. A allon da ke gabanmu babu komai sai baƙi. Can sai ɗigo ɗaya ya bayyana. Sai wani. Sai wasu, a barbaje, kamar an watsa gero a baƙin faifai. Ban ga siffar komai ba da farko. Suka yi ta ƙaruwa, suna taruwa a wasu wurare suna barin wasu, har na ga abin da ya sa na kama bakin tebur. Ƙoƙon kai. Ramukan idanu. Ga wuya yana saukowa gaɓa-gaɓa kamar carbi. Ga haƙarƙari suna buɗewa biyu-biyu kamar ganyen giginya.

Inna ce. Babu lulluɓi, babu fata, babu kunya. Mace mai juya mini baya don ta kwance laya, ga ta tsaye a gabana an saƙa ta da ɗigon haske, kuma kowane ɗigo daga cikinta ya taso, ya ratsa nama, ya ratsa zane, ya zo ya faɗi a nan don a gani. Na tuna darasin Islamiyya a kan yadda ake gina mutum a cikin mahaifa, ƙashi tukuna sannan a lulluɓe shi da nama. Na haddace shi tun ina ƙarama, na ci jarrabawa da shi, amma sai a ranar na ji tsigar jikina ta tashi saboda shi. Bakina yana ta tasbihi ban ma san ina yi ba. Da hoton ya sauko ƙugu na kalli wannan faffaɗan ƙashi mai kama da ƙwarya, na ce a raina: nan na taɓa zama.

Sai na hangi wani dunƙulen haske a tsakiyar ƙugun, ya fi ko'ina ƙarfi. Na ƙwala salati har mai na'urar ya zabura. Da ya ga inda nake nunawa sai ya danne dariya ya ce mafitsara ce, ta nan maganin ke fita, kowa haka tasa take. Na ji kunya kamar in nutse. Daga kan gado Inna ta ce, ba tare da ta motsa ba, "A ce ma ta Ƙaura ta yi ma mutane shiru."

Amma akwai wani wurin da mai na'urar bai yi dariya a kansa ba. A kafaɗar hagu, wani ɗigo mai haske sosai, shi kaɗai, kamar tauraron da ke fara fitowa bayan magariba. Ya ƙara ɗaukar wurin ta gaba da ta baya. Na tambaye shi, ya ce likita ce za ta yi bayani.

Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta zaunar da mu, ni a tsakiya, Inna a dama, Gwaggo a hagu. Ta ɗaga hoton ta ce duk ƙashin lafiya lau yake, ban da wuri ɗaya. Ta bayyana mini cewa maganin nan ba ciwon daji yake gani ba. Yana taruwa ne a duk inda ƙashi ke aiki, inda yake ƙoƙarin gyara kansa. Ciwon daji yana sa ƙashi wannan aiki. Haka ma tsohuwar karaya, musamman wadda ta haɗe a karkace, takan sa ƙashi ya yi ta lallaɓa wurin shekara da shekaru. Ta ce, "Tambaye ta, ta taɓa karyewa a nan? Ko faɗuwa, ko wani abu mai nauyi ya buge ta? Ko da tuntuni ne."

Na gyara zama. Wannan ne aikin da aka ɗauko ni dominsa tun daga Zamfara. Na juya na fuskanci Inna sosai, abin da ban saba ba.

"Inna, ta ce ko kin taɓa karyewa a kafaɗar nan?"

Ta kalli ƙasa. "A'a."

"Ko faɗuwa? Ko wani abu ya faɗo miki? Inna, ki tuna da kyau, maganar babba ce."

"Na ce a'a."

Na fassara. Likitar ta sake kallon hoton, ta ajiye shi a hankali. Wannan ajiyewar har yau ina ganinta. Ta ce to, za a ƙara bincike, amma in shirya zuciyata, kuma in sanar da manya. Na ji sanyin ɗakin ya shige ni har ɓargo. Aikin Zariya, da fatan da muka ɗauko, duk na ga suna zamewa.

Gwaggo ba ta jin Turanci ko na gaisuwa, amma tana jin fuska. "Mi tac ce?"

"Ta ce in ba karaya ba ce, to ciwon ne ya kai ƙashi."

"In kau karaya ta?"

"Sai a yi aiki."

Gwaggo ta leƙa ta gabana ta kafe Inna da ido. Inna ta kafe ƙasa da nata. Sai Gwaggo ta ja dogon tsaki ta ce, "Amma dai ke, matata, Allah ya shirye ki. Nan ma?" Ta juyo kaina. "Ke, tashi ki ɗebo muna ruwa."

"Gwaggo, ga ruwa nan a jaka."

"Wanga ya yi zahi. Tahi ki samo mai sanyi. In kin hita ki turo man ɗiyar nan ta bayan tasha. Kuma kar ki yi sauri."

"To wa zai fassara?"

"Turancin duniya ke ɗai anka ba? Tashi, malama."

Na tashi. Na samo ma'aikaciyar na tura ta, ni kuma na tsaya a ƙarshen baranda ina kallon wasu dogayen itatuwa da ban san sunansu ba. Ina kuka iri biyu a lokaci ɗaya, kuma in faɗi gaskiya ban san wanne ya fi yawa ba: na tsoron rasa uwata, da na haushin an kore ni daga aikin da na zo yi. Na yi ta saƙa wa kaina maganganu masu ban tausayi, irin waɗanda nake rubutawa a bayan littafin makaranta. Ko a bakin mutuwa, na ce, ta fi yarda da baƙuwa a kaina.

Da aka kira ni na tarar ɗakin ya sauya. Likitar tana rubutu da sauri. Ma'aikaciyar jinyar ta kalle ni wani irin kallo, mai tsawo, idonta ya yi ja, sannan ta dafa kaina ta fita. Inna ta ja lulluɓi har goshi.

"Ta tuna," in ji Gwaggo. "Ta taɓa karyewa. Tsuhwa ce ta hana ta tunawa."

"Yaushe? Garin yaya?"

"Ke likita ce? An gaya ma mai aikin."

Aka tura mu ɗaukar hoton ƙashi na yau da kullum, a kafaɗar kaɗai. Da ya fito, ko ni da ban san komai ba na gani: ƙashin ya karye ya hau kan ɗan'uwansa ya haɗe a haka, da wani kauri kewaye da shi kamar inda aka ɗaure reshe ya warke. Likitar ta ce aikin maɗorin gargajiya ne, tsoho ƙwarai, babu alamar ciwo a wurin. Ta rubuta wa likitan Zariya cewa ƙashi lafiya, a yi aiki. Gwaggo ta rangaɗa guɗa a cikin asibitin mutane har masu gadi suka leƙo. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," sau ɗaya, a hankali. Da muka fito, ta miƙa wa Gwaggo ragowar ruwanta ta ce, "Ba ta Ƙaura, ta sha kuka."

Aka yi aikin, aka bi da magungunan da suka zubar mata da gashi suka rage ta kamar kara. Ta sha wuya, amma ta tashi. Damina biyu bayan nan tana gonarta ta gyaɗa.

Na daɗe ina tunanin ranar nan. Na tafi Ibadan da yaƙinin cewa abin da ya rage tsakanina da Inna magana ce, kuma ni ce mai maganar. Sai na ga na'urar da ba ta tambayi kowa komai ba, ba ta haska kowa ba, ta yi shiru kawai ta matso kusa ta jira, har abin da ke ciki ya fito da kansa ɗigo-ɗigo. Tun daga nan na rage gaggawar yanke wa mutane hukunci da abin da bakinsu ya faɗa ko ya ƙi faɗa. Ban ce kunyar nan ba ta da haɗari ba; na ga yadda ta kusa mayar da uwata gida da ciwon da ake iya cirewa, kuma duk wadda ta raka babba asibiti ina gaya mata ta lura ko ita ce ke hana a yi magana. Amma na daina ganin shirun Inna a matsayin wurin da babu kowa.

Labarin karayar kuwa, na tambaya sau da yawa aka share ni, har na haƙura. Na ɗauka daga jaki ta faɗo tana budurwa, tana jin nauyin a sani.

Ban ji gaskiyar ba sai bayan na yi aure na haifi tawa 'yar farin. Na zo wankan jego Banga. Wata rana da hantsi Gwaggo ta shigo da kunun kanwa ta same ni na ɗaga jaririyar sama ina kiran sunanta ina sumbatar ƙafarta, ƙofa a buɗe.

"La ilaha! 'Yan boko ba ku da ta ido. Ɗiyar fari ake ma haka, gaban mutane?"

"Gwaggo, ni ba zan iya irin ta Inna ba. So nake ta san ina son ta."

Ta ajiye kwanon. Ta leƙa tsakar gida, inda Inna ke sheƙar dawa da kafaɗarta a karkace, ta tabbatar ba ta ji. Sannan ta zauna a bakin gado ta nuna rufin ɗakin.

"Kin ga azarar can ta tsakiya, da ta bambanta da sauran? Ba ita anka gina ɗakin ga da ita ba. Kina rarrahe, ba a yaye ki ba. Anka kwan biyu ana ruwa, ƙasar rufi ta jiƙe ta yi nauyi. Da la'asar muna rumfa muna tsinkar rama, ke kina kwance nan, daidai inda kike zaune. Munka ji ƙara, ƙas, ƙas. Kowa ya tsaya yana tambayar mi ne ne. Ita ba ta tsaya ba. Da munka tone ƙasar, mun iske ta durƙushe, hannu da gwiwa, azara bisa kahwaɗarta, ke kina ƙarƙashinta ko ƙura ba ta shiga idonki ba. Sai da anka ɗauko maɗori tun daga Galadi. Ta sa munka yi alkawali ba mai gaya maki. To ta ya za ta hwaɗi wanga da bakinta, ke kina juya shi Turanci?"

Na kalli azarar, na kalli bayan Inna ta ƙofa, tafiyar nan da na yi shekaru ina kwaikwayo ina zaton yanga ce.

Gwaggo ta miƙe ta ɗauki kwanonta. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya.

"Kuma da kike cewa ba ta taɓa kiran sunanki ba. Ta kira. Ran nan, tana gudu ta nuho ɗakin ga, da surukanta da kowa a tsakar gida. Har maƙwabta sun ji."